Yadda Za Ka Tuƙa Kanka Daga Ankara Zuwa Dajin Mole, Kana Sada Zumunci a Hanya

Mu 'yan zangon ƙasar Gana danginmu a warwatse suke. Wanda aka haifa a unguwar Nima ko Maamobi ta Accra, da wuya ka bincika ba ka tarar yana da kawu a Aboabo ta Kumasi ba, da goggo a Tamale, da abokin makaranta da aiki ya kai Cape Coast. Muna gaisawa a WhatsApp, muna tura gudummawar suna da ta biki ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, amma Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ni sai da na shekara shida ina ce wa goggona ta Tamale "bayan Sallah ina nan tafe". Ranar da na ji muryarta ta fara rawa a waya, na nemi hutu a wurin aiki, na tayar da mota ni kaɗai daga Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara. Kwana 13 na yi, na ci kusan kilomita 2,000, na kwana a gidajen dangi huɗu, na shiga gandun daji biyu.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da mai karɓarsa tuƙi, ba shi da mai taɓa shi in gyangyaɗi ya ɗauke shi. Saboda haka ba da kilomita za ka yi lissafi ba. Da hasken rana za ka yi, da kuma gidan da za ka kwana.

Fara da zaɓen lokaci

Kudu damina biyu take yi, ɗaya daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. Arewa guda ɗaya ce, daga Mayu zuwa Oktoba. In giwa kake son gani, tafi tsakanin Disamba da Maris. Lokacin ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dabbobi dole su taru inda ruwa ya rage. Da damina dajin ya fi kyan gani, amma ciyawa na shanye dabba ko tana kusa da kai. Ni Janairu na zaɓa. Akwai hazon hunturu da ke rage ganin hanya da sassafe, leɓe na tsagewa, amma dare da sanyi mai daɗi. Daga Maris zuwa Afrilu zafin arewa yana kai maki 40, mota da direba duk suna jigata. Ka kuma kauce wa makon Kirsimeti da na Ista, hanyar Kumasi ba ta shiguwa.

Sannan ka kira mutanenka

Wannan shi ne matakin da aka fi rainawa, kuma a kansa tafiyar ke tsayuwa. Mako biyu kafin ka tashi, kira duk wanda za ka sauka wurinsa. Kada ka ce "zan zo wani lokaci cikin wata". Faɗi rana, faɗi kwana nawa za ka yi, ka kuma faɗi ranar da za ka wuce. In ba ka yanke ranar tafiya tun a waya ba, Hajiya za ta riƙe ka da "haba ɗan nan, kwana biyu kacal?", kai kuma kunya ba za ta bar ka ka ƙi ba, sai lissafin gaba duk ya rushe.

Ka san halin gidan da za ka. Gidajen zango da yawa gidan haya ne, ɗaki da falo, yara a ƙasa kan tabarma. Kawu ba zai taɓa ce maka babu wuri ba, sai dai ya tashi matarsa da yaransa ya ba ka gado. In ka san haka abin yake, kama ɗaki a masaukin baƙi kusa da su, ka wuni a gidan, ka ci tuwon dare tare da su. Faɗa musu cikin ladabi: "Kawu, saboda fitar asuba da zan riƙa yi ne, kada in dami su Inna." Zai gane, kuma zai ji daɗi.

Ka tambayi inda mota za ta kwana. Lungunan Aboabo da Asawase ba kowanne mota ke shiga ba. Galibi akwai gidan mai ko harabar makaranta da maigadi ke tsaron motoci a ba shi ɗan abin goro. Ka nemi lambar adireshin gidan ta GhanaPost GPS, ko su turo maka inda suke ta WhatsApp, don kwatancen "bayan masallaci, kusa da mai koko" ba ya kai baƙo gida.

A ƙarshe ka zaɓi mutum ɗaya a Ankara, matarka ko ƙaninka, ka rubuta masa tsarin tafiyar gaba ɗaya da lambobin masu masaukinka. Ku yi alkawari: in ka tashi za ka kira, in ka sauka za ka kira. In magariba ta yi bai ji ka ba, ya fara nema.

Mota da takardu

Kai motar wurin makanikenka mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in an canza wani abu ka samu kwanakin gwada shi cikin gari. A duba birki, a juye baƙin mai, a duba ruwan lagireto da belin inji da batir da fitilu. Taya kuwa kada ka yi mata rowa. Tayar da ke kai ka Kaneshie ta dawo da kai ba lallai ta jure kwaltar Buipe can arewa da tsakar rana ba. Duba safaya da idonka, ka tabbatar da iska a ciki, ka gwada jak da sifana a ƙofar gida. In akwai kayan da za a saya, kasuwar kayan mota ta Abossey Okai na nan. In kuma wani abu ya taso a hanya, Suame Magazine ta Kumasi babu abin mota da ba a gyarawa a cikinta, amma ka bar ɗan gari ya kai ka wurin wanda ya sani.

Takardu: lasin tuƙi na hukumar DVLA da bai ƙare ba, sitikar lafiyar mota, inshora, da Ghana Card. Katin nan zai yi maka amfani biyu, domin a ƙofar gandun daji kuɗin ɗan ƙasa daban yake da na baƙo. Ka sa katin inshorar lafiya na NHIS a aljihu. A but kuma a samu abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi in mota ta lalace, da akwatin magani. Shingayen 'yan sanda suna da yawa, musamman daga Techiman zuwa sama. Rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, yi gaisuwa, miƙa abin da aka tambaya. Wanda takardunsa suka cika ba ya daɗewa a shinge. Dokar gudu kilomita 50 ce a awa cikin gari, 90 a babbar hanya. Lambar neman agaji 112.

Kuɗi ka raba su uku: wasu a MoMo, wasu a aljihu, wasu a ɓoye cikin mota. Ka tanadi ƙananan sidi, don mai doya a bakin hanya ba ta da canjin babbar takarda. Ka riƙe layin waya biyu na kamfani daban-daban, akwai wuraren da ɗaya zai ɗauke ɗaya ya kama. Sauke taswirar hanya a waya tun kana gida.

Tsaraba kuwa, kada ka sayo ta duka a Ankara. Atamfar Goggo da turaren Kawu ka saya a Makola ko kasuwar Nima, sauran hanya za ta ba ka. Abin da ka saya a wannan gari shi ne tsarabar gari na gaba. Sai kayanka: buta, darduma, katan ɗin ruwa, gidan sauro, tocila, man shafawa saboda hunturu, da takalmi sau-ciki na shiga daji.

Zango na farko: Cape Coast da Kakum

Ka yi sallar asuba ka fita, domin in ka bari gari ya waye, cunkoson Mallam da Kasoa zai cinye maka awa biyu. Sunan Kasoa ma kasuwa ce tamu ta Hausa, bakin mutanen wurin ya juya ta. Daga Ankara zuwa Cape Coast kusan kilomita 145 ne a kan babbar hanyar N1, ta mararrabar Winneba da Mankessim. Kafin azahar ka isa. Na so fara tafiyar da wannan gajeren zango da gangan, don ya zama gwaji ga motar da kuma bayana.

Da yamma abokinka zai so kai ka tsohon ginin da aka tsare bayi a zamanin cinikin bayi, na Cape Coast ko na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Je ka. Ɗakunan da ke ƙarƙashin ginin ba wurin hira ba ne, za ka fito jikinka a sanyaye.

Washegari sai Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da garin. Kurmi ne mai faɗin murabba'in kilomita 375, abin da ya yi suna da shi kuma gadar igiya ce da aka buɗe a 1995: gadoji bakwai da aka ɗaura daga bishiya zuwa bishiya, tsawonsu duka wajen mita 350, wani wurin tsayinsa daga ƙasa ya kai mita 40. Ka je ranar aiki, ka isa da an buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan makaranta. Akwai hawan tudu kafin a kai gadar, ka tafi da ruwa. In ka taka katakon zai yi lilo, ragar da ke gefe ta kai maka ƙirji. Riƙe igiya da hannu biyu, bar tazara tsakaninka da na gaba, sa waya a aljihu sai ka isa dandamalin da ke jikin bishiya. Kada ka sa ran ganin manyan dabbobi. Akwai giwayen kurmi a ciki amma ba sa fitowa inda mutane suke. Abin kallon shi ne kan bishiyoyi a ƙarƙashin ƙafarka, da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi.

Kumasi

Daga Cape Coast ka kama hanyar Yamoransa, ta Assin Manso da Assin Fosu, ka haye kogin Pra, kusan kilomita 220. Hanyar na ratsa garuruwa da yawa, kowanne da tudun rage gudu, wasu ba fenti. Ka ba ta wuni guda.

A Kumasi ajiye mota ka huta da tuƙi kwana biyu ko uku. Nan ne dangi suka fi yawa, kuma gaisuwa tana da tsari: babba ake fara zuwa wa. In ka fara da gidan abokinka kafin gidan Baffa, labari zai riga ka isa. Ka nemi yaro ɗaya a gidan ya zama ɗan rakiyarka, ku hau keke mai ƙafa uku, shi ya san wanda ya tashi daga Sabon Zango ya koma Sawaba, da gidan da aka yi rasuwa ba ka zo ta'aziyya ba. Wannan gidan kada ka tsallake shi ko da watanni sun wuce.

Ga maganar sallah, tunda a nan tambayar ke tasowa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, tafiyar da ta kai wajen kilomita 80 ana yi mata ƙasaru, azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu. In ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, sai ka cika. In ka bi limamin gari ma cikawa za ka yi. Ka zauna da malaminku kafin ka tashi ya warware maka sauran.

In da sauran lokaci, tafkin Bosomtwe na kusa, kimanin kilomita 30. Ramin da wani dutse daga sama ya faɗo ya haƙa ne ruwa ya cika shi.

Hanyar arewa, da dalilin da ba a tuƙin dare

Daga Kumasi zuwa Tamale a kan N10 kusan kilomita 380 ne, ta Offinso da Techiman da Kintampo. Ita ce hanyar tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar, ga manyan bas-bas masu tafiyar dare. Mafi yawanta hannu ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa. Tirela kan lalace ta tsaya a kan titi babu fitila, sai ganye da aka zuba a matsayin alama. A watan Maris na 2019 bas biyu suka yi karo cikin dare a yankin Kintampo, sama da mutum 50 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. A Gana rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, don haka ƙarfe 5 ta same ka a masauki. In barci ya fara fizgarka da rana, kada ka yi gardama da shi. Shiga gidan mai, kulle ƙofa, kwanta minti 20. Kada ka ɗauki fasinjan da ba ka sani ba, komai tausayin da ya ba ka.

Raba hanyar biyu. Daga Techiman, mai babbar kasuwar doya da hatsi, ka ratse ta Nkoranza zuwa Boabeng da Fiema, ƙauyuka biyu da birai ke zaune tare da mutane. Al'adar wurin ta hana a taɓa su, har makabarta aka yi musu. Wasu ƙanana ne masu shiga har tsakar gida, wasu baƙaƙe masu farar jela da ba sa saukowa daga bishiya. Ka kwana a Kintampo, tsakiyar ƙasar Gana. Akwai magangarar ruwa a bakin garin a kan kogin Pumpum, ana sauka da matakala masu yawa. In hadari ya haɗo ko iska ta taso, fita daga wurin, domin a 2017 guguwa ta kayar da bishiya a kan masu wanka, aka yi asarar rayuka, yawancinsu ɗalibai.

Cika tanki a Kintampo. Daga nan ƙa'idarka ita ce mai bai sauka ƙasa da rabi ba. Ni na taɓa sakaci na wuce, na tsaya a wani ƙaramin gidan mai da ke gaba, aka zuba mini man da ya sa motar ta riƙa shaƙewa har Damongo. Tsaya a manyan gidajen mai da ka ga motoci na shiga.

Larabanga da Mole

Bayan Kintampo ƙasa za ta buɗe. Kurmi ya ƙare, sai kaɗanya da kuka da ɗorawa, da buhunan gawayi jere a bakin titi. Za ka haye Baƙin Volta a gadar Buipe, inda mata ke tallar soyayyen kifi. A mararrabar Fufulso ka karya hagu zuwa Damongo, hedikwatar yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019. Kwalta ce har can. Wannan ita ce ƙasar Gwanja da kakanninmu suka yi ta tako wa da jakuna neman goro.

Larabanga na gaba kaɗan da Damongo. Masallacinta na ƙasa ne, fari, da itatuwa tsittsire a jikin bango, ga tsohuwar kuka a jingine da shi. Mutanen garin suna kai tarihinsa zuwa 1421. Ƙofofinsa gajeru ne, sai ka sunkuya. Samari za su taso da tayin rakiya tun kafin ka kashe mota. Yi sallama, ka ce kai Musulmi ne kana son yin sallah, ka nemi a kai ka gaida liman ko wani dattijo. In za ka ba da sadaka don gyaran masallaci, a hannunsu za ka ba da. Na yi la'asar a ciki, ƙasan da sanyi, hasken kuma ta 'yan ƙananan tagogi yake shigowa.

Ƙofar Mole 'yan kilomita ne daga nan. Shi ne gandun daji mafi girma a Gana, ya haura murabba'in kilomita 4,500, an keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971. Kama ɗaki tun kafin ka zo, musamman da rani. Akwai Mole Motel a kan tudu, akwai masauki mai tsada a ciki, akwai kuma masu sauƙi a Larabanga da Damongo. Ka ba wurin kwana biyu. Wanda ya zo da rana ya juya da yamma bai ga Mole ba.

Ana fita zagaye sau biyu, da safe wajen ƙarfe 7 da kuma bayan la'asar, ko a ƙafa ko a motar gandu, kuma dole da ma'aikaci mai bindiga. Ba a shiga daji kai kaɗai. Tunda kai ɗaya ne, haɗu da wasu baƙi ku raba kuɗin mota. Amma na safe a ƙafa shi na fi so. Sa dogon wando da takalmi rufaffe, ka guji baƙin kaya da shuɗi mai duhu, ƙudan tsando na bin su. Muna saukowa daga tudu jagoranmu ya tsuguna ya nuna mana sawu kamar faifai a cikin ƙura, da kashi mai ɗumi, ya ɗaga hannu muka yi tsit. Sai ga giwaye uku sun fito daga bayan itatuwa sun nufi tafki. Babban ya tsaya ya buɗe kunnuwa yana kallonmu, ina jin numfashinsa. Daga baya ya juya ya shiga ruwa har wuya, ya fito baƙi wuluk, ya ɗebi ƙura da haurensa da hancinsa ya watsa a baya. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba. In jagora ya ce tsaya, tsaya. In ya ce ja baya, ja a hankali, kada ka ruga.

Za ka ga mariya garke-garke, da gwambaza, da mazo, da mugun dawa yana kiwo a durƙushe har bakin ɗakuna, da kada a bakin tafki. Ɓauna da gwanki sai an nutsa ciki da mota. Gwaggon biri kuwa ɓarawo ne na gaske: rufe gilashin mota, kulle ɗaki, kada ka riƙe leda a hannu. Da rana tsaka zauna a bakin tudun ka kalli tafkin daga sama, ba ka biyan ko sisi, dabbobi na zuwa da kansu.

Tamale, Salaga, da komawa gida

Daga Mole ka koma Fufulso, ka haye Farin Volta a Yapei, sai Tamale, wajen kilomita 150. Garin babura ne, mata da maza, ka riƙa duba madubi kafin kowace kwana. A nan na sami Goggo zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Ashe za ka zo ina da rai?" Kwana uku na yi, ban je ko'ina ba in ban da masallaci da kasuwa. Ka bar wa irin wannan gida kwanakin da ba ka tsara komai a cikinsu ba. Zauna a ba ka tuwon zafi da miyar ayoyo, ka tambayi sunayen kakanni da garin da suka fito, ka ɗauka a waya in an yarda.

In hali ya yi, ware wuni guda don Salaga, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas. Ita ce babbar kasuwar goro da ayarin Kano da Katsina ke nufa, kuma kasuwar bayi ce, rijiyoyinta na nan har yau. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa mutanenta, da yawa suka gangara Kete Krachi da Kumasi da Ankara, zangunanmu suka ƙara cika. Tambayi direbobin tasha halin hanyar kafin ka kama ta.

Tsarabar gida a Tamale take: man kaɗe, riga saƙi, zabi, dawadawa. Doya ka bari sai Kintampo ko Techiman.

Komawa kada ka yi ta a rana ɗaya. Tamale zuwa Ankara ya haura kilomita 600, kuma gajiyar kwana goma na jikinka. Kwana a Kumasi, ka yi sallama da Kawu, washegari bayan asuba ka kama N6 ta Konongo da Nkawkaw da Suhum, kilomita 250. Tsaya a Nsawam ka sayi burodi, ka yi ƙoƙarin wuce Pokuase kafin cunkoson yamma. Da ka shiga gida, kafin ka sauke kaya, bi gidajen da ka kwana ɗaya bayan ɗaya ka kira ka ce ka sauka lafiya, ka fara da Goggo, don tun da ka fito take riƙe da waya. Motar kuma a mayar da ita wurin makanike cikin makon, a juye mai, a busa matatar iska, jar ƙurar arewa ta cika ta.